Gwaggo Ba-ragi da Kabewar Kan Katako

Duk wanda ya taɓa sayen kayan miya a layin ƙarshe na kasuwar unguwa ya san Gwaggo Ba-ragi. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, da murya wadda in ta kira mai baro a bakin ƙofa, na can wajen mahauta ke amsawa. Sunan kuwa bakinta ne ya jawo mata. Ka taya tumatir, ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Ba ragi, ɗan nan." Ka juya ka tafi, ko kallonka ba za ta yi ba. In ka dawo ka biya, sai ta cika maka leda da gyara har ka rasa dalilin gardamar. Rowarta a baki take, hannun kuwa bai san ta ba.

A kan benci ɗaya ta yi ƙuruciyarta ta kuma tsufa. Daga nan ta aurar da 'ya'ya, daga nan aka zo aka kira ta ranar da maigidanta ya rasu. Sanin kaya kuwa, sai dai a bar mata. Takan ɗaga kabewa ta ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ta kara kunne, ta faɗa maka yadda cikinta yake kafin wuƙa ta shiga. Tana da dokarta ta kasa kaya: mafi kyau shi ake ɗorawa a kan katako a gaba, kuma shi ne na fara tafiya. Amma fa duk wannan sani, Gwaggo ba ta taɓa shuka ko barkono ɗaya ba. A tsakiyar gari aka haife ta, a gidan haya ta girma. In dai don ita ce, kayan miya daga bayan babbar mota suke fitowa da sassafe.

Gwiwoyi ne suka raba ta da kasuwa. Autanta, mai gyaran wutar lantarki, ya ɗauke ta ya kai ta gidansa, ɗaki biyu da falo a hawa na biyu, da 'yar baranda mai kallon titi. Ya ce ta huta. Hutu! Matar da ta saba faɗa da mutum ɗari kafin azahar aka ajiye ta gaban talabijin. Ba a yi nisa ba ta koma kan firij ɗin matar Auta. Ta fito da komai ta sake jerawa, manya a gaba, ƙanana a baya, ta ɗaga gwangwanin tumatir da yatsu biyu kamar ta kama ɓera.

"Wannan kuma me ye, 'yar nan?"

"Tumatir ne, Gwaggo."

"Allah ya jiƙan tumatir."

Matar Auta mai haƙuri ce, sai ta yi dariya ta mayar da kayanta inda suke in Gwaggo ta shiga wanka.

Wata nas ce a asibitin unguwa ta gano ciwon. Ta auna jinin Gwaggo, ta latsa gwiwoyin, ta saurari ƙorafin gwangwani daga farko har ƙarshe, sannan ta ce, "Gwaggo, rabin ciwon nan zaman banza ne. Muna da ƙungiya, muna noma abincin da iyayenmu suka ci, da irin da, ba maganin feshi, ba takin buhu. Ki zo ranar Asabar ki gani."

Gwaggo ta san su. Su ne mutanen unguwa ke tsokana da 'yan ganye. Ta ce za ta zo, amma a ranta zuwa za ta yi ta ga iyakar shirmen ma'aikatan ofis da fartanya.

Lambun yana bayan wani tsohon sito, fili ne da a da ake jibge tarkacen gini. Sun kwashe duwatsu, sun ja kunyoyi, sun kafa rumfar kwano a bakin ƙofa da benci biyu da murhu. A gefe ga ramin taki inda kowa ke kawo ɓawon dankali da ganyen shayi da kwasfar ƙwai daga gidansa. Akwai tela a cikinsu, da mai gadin banki, da wasu mata biyu masu sharar makaranta, da Nas wadda ita ce shugaba. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata sukan dafa abin da lambun ya bayar su ci tare, kowa da kwanonsa, ba a yarda da leda ba.

Gwaggo ta zagaya tana dogara sanda tana taɓe baki. Ta tsaya gaban tumatir ɗinsu, wani mai tsagu, wani mai ƙusumbi, babu biyu masu kama da juna.

"Wannan in na kasa shi, ko kyauta ba mai ɗauka," in ji ta.

Tela ya tsinko ɗaya ya goge a rigarsa ya miƙa mata. Ta gatsa don ta samu abin faɗa. Sai ta ci gaba da tauna a hankali. Ruwan ya gangaro mata har haɓa, ba ta goge ba. Rabonta da wannan ɗanɗano tun tana yarinya, tun lokacin da mahaifiyarta ke aikenta da ƙaramin kwano. Ashe duk shekarun nan kyan ido take sayarwa.

"To, ba laifi," ta ce da ƙyar. Sannan ta tsinki na biyu da kanta.

Tun daga ranar ta zama 'yar ganye. Ba ta iya sunkuyawa, sai aka ba ta kujera da butar ban-ruwa, ta riƙa tattara ɓawon gidan Auta da na maƙwabta har matar Auta ta ce ko ɓawon lemo ba ya kwana a gidan yanzu. Abin da ya fi shiga kanta cikin koyarwar ƙungiya shi ne ba a zubar da komai. Wannan kam ya yi daidai da zuciyar 'yar kasuwa.

Akwai wani dattijo a ƙungiyar, Baba Kafinta, dogo siriri mara yawan magana, fensir kullum a bayan kunne. Shi ya yi bencin rumfa da ƙofar lambu. Kuma shi ne mai kabewar da ke can ƙarshen fili, bayan masara, a jikin katanga.

Kabewar nan tana da tarihi. Irinta na marigayiya matarsa ne, ita ma daga wajen kakarta ta samo, ta yi ta shukawa a bayan ɗaki duk gidan da suka zauna. Toka-toka ce a waje, ja a ciki, zaƙinta ba ya neman sukari, ga ta tana daɗewa a ajiye ba ta ruɓe ba. Babu mai ita a kasuwa. Bayan rasuwar matar, Baba ya adana irin a gwangwani ɗaya a shagonsa. Daminar bara rufin ya yi yoyo, ruwa ya shiga gwangwanin, iri ya yi funfuna. 'Yan ƙwayoyin da ya tsinta ya shuka a lambu, ɗaya ce ta rayu, ita ma 'ya ɗaya ta riƙe. Ke nan duk abin da ya rage a duniya na kabewar matarsa yana cikin wannan ƙwallo guda. Don kada damshin ƙasa ya taɓa ta, ya goge wani katako sumul, ya yi masa 'yan ƙafafu, ya ɗora ta a kai, yana jiran ta ƙosa sarai ya cire iri ya raba wa kowa.

Kowa a ƙungiyar ya san wannan, sani irin wanda ba a ma maganarsa. To abin da kowa ya sani shi ne ake mantawa a faɗa wa baƙo. Gwaggo kuwa, da gwiwoyinta, ba ta taɓa wuce masara ba.

Da ƙarshen wata ya matso, Nas ta ce, "Gwaggo, sabon shiga shi ke mana girki. Ki zo ranar Juma'a ki ɗebi duk abin da ya yi miki a lambu."

Duk abin da ya yi mata! Gwaggo ta kwana biyu tana tsara abin da za ta nuna wa 'yan ganye. Ranar Juma'a da hantsi ta zo da mai baro, ba kowa a lambun. Ta ɗebi wake, ta ɗebi albasa da tumatir da ganye. Gwiwoyin sun yi mata kirki ranar, sai ta ce bari ta leƙa ƙarshen fili. Tana ratsa masara ta gan ta, zaune a kan katako ita kaɗai, an share kewayenta tas.

Gwaggo ta yi murmushi har kunne. Wannan yaren ta iya shi. Kayan da aka ware aka ɗora kan katako, ai ya gama shiri, mai ɗauka yake jira. Ta ƙwanƙwasa, ta kara kunne.

"Kai, madalla da mutanen kirki," in ji ta. "Har sun ware min."

Ta sa wuƙa ta yanke ta daga jikin yaɗo.

A matakalar gida ta haɗu da matar direba, maƙwabciyarsu ta ƙasa, wadda ta riƙe baki tana yaba girman kabewar. Gwaggo kuwa ba a yaba kayanta a tafi hannu wofi. Nan take ta tsaga mata yanki guda, irin yankan kasuwa, da 'ya'yansa da komai. Sauran ta hau da shi sama. Ta fere, ta yayyanka, ta ajiye ɓawon don ramin taki. Sai 'ya'yan. Da a kasuwa ne da sun tafi kwandon shara, amma yanzu Gwaggo 'yar ƙungiya ce, ta san ba a zubar da komai. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ko guda ba ta bari a cikin ɓargon ba, ta wanke, ta barbaɗa gishiri, ta soya su a busasshen kasko har suka yi ƙamshi.

Ranar Asabar rumfa ta cika. Tukunyar wake da kabewa na buɗewa aka fara salati. Mai gadin banki ya yi ƙari har sau biyu yana cewa likita ne ya ce ya riƙa cin kayan lambu. Gwaggo na zaune a kujerarta kamar amarya, tana cewa, "Ku ci, ku ci, ba yawa," alhali ranta fari ƙal. Sannan ta fito da abin mamakin, kwanon soyayyun 'ya'yan kabewa, aka yi ta miƙa hannu ana ɓarzawa.

Baba Kafinta ya iso a makare, bayansa na damunsa, bai ƙarasa cikin lambu ba ya zauna a bakin benci. Aka zuba masa. Ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali, ya dakata. Ya kai ta biyu. Aka miƙo masa kwanon 'ya'yan, ya ɗebi kaɗan ya watsa a baki, sannan ya dubi sauran da ke tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo.

"Baiwar Allah," ya ce, "a ina kika sayi kabewar nan?"

"Saya? Haba Baba, ina 'yar ƙungiya zan sayi kabewa? Ai ita ce wadda kuka ware min a kan katako."

Bakin kowa ya tsaya. Tela yana da 'ya'ya cike da kumatu, ya rasa haɗiyewa zai yi ko tofarwa. Ɗaya daga masu shara ta ce, "Innalillahi," a hankali. Baba ya miƙe, ya bi ta cikin masara, aka bi shi da ido. Da ya dawo, katakon ne a hammatarsa.

"Baba..." in ji Nas.

"Ba komai," ya ce. "Girki ya yi daɗi. Haka marigayiya take yin sa." Ya ajiye 'ya'yan da ke hannunsa a gefen benci, ya fita.

Nas ce ta ja Gwaggo gefe ta warware mata zance tun daga kakar matar har yoyon rufi, tana ta cewa laifinsu ne da ba su faɗa ba. Gwaggo ba ta ji wannan ɓangaren ba. Jikinta ya yi sanyi, kunya ta rufe ta har ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige. Da Baba ya zage ta, da ta san abin yi, don zagi abincinta ne. Amma "ba komai" ɗin nan ya tsaya mata a ƙirji. Ta san mene ne rasa abokin zama. Hular maigidanta har yau tana ƙasan akwatinta, ko Auta ba ya taɓawa. Ita kuwa ta ɗauki abin da ya rage wa bawan Allah ta sa masa gishiri.

Tana cikin share ido da bakin mayafi sai ta zabura.

"Matar direba!"

Yadda Gwaggo ta isa bakin titi ranar, sandar ma a hannu take ba ta taɓa ƙasa ba. Ta buga ƙofar matar direba kamar gobara.

"Yankin kabewar jiya, kin dafa?"

"Wayyo Gwaggo, maigidan ba ya cin kabewa. Na aika wa innata a kasuwa. Ai kin ma san ta, Mai Albasa, ta layin ƙarshe."

Gwaggo ta dafa bango. Duk faɗin kasuwar nan a rasa inda kabewa za ta sauka sai hannun Mai Albasa!

Teburinsu a jere yake shekara da shekaru, tare suke cin abincin rana, har wata damina da Gwaggo ta sayi sabuwar lema babba. Ruwan lemar ya riƙa zuba a kan albasar maƙwabciya, buhu guda ya ruɓe. Mai Albasa ta ce lema ta ƙetare iyaka, Gwaggo ta rantse ba ta ƙetare ba. Daga nan ko gaisuwa. 'Ya'yan da aka goya a lokacin yanzu suna da nasu 'ya'yan, su kuwa suna nan a kan bakansu.

Gwaggo ta tsaya a bakin titi tana shawara da zuciyarta. Zuciyar ta ce a koma gida. Ta tuna dattijo da katako a hammata, sai ta tare mota.

La'asar ta yi, kasuwa ta fara sakin jiki. Layin ƙarshe na nan yadda ta bar shi, da warin ruɓaɓɓen ganye da kwatar da ba ta taɓa bushewa. Tsofaffin abokan sana'a suka yi ta kiranta, ba ta tsaya ba sai gaban teburin albasa. Mai teburin, doguwa baƙa mai tabarau ɗaure da zare, ta ɗago ta dube ta, ta mayar da kai kan aikinta.

"Sannu da kasuwa," in ji Gwaggo. Kalmomin sun fito kamar ana zare ƙaya.

"Wa nake ji kamar Ba-ragi? A'a, ba ita ba ce. Ba-ragi ba ta gaisuwa."

"Ni ce. Wani yankin kabewa aka aiko miki."

"An aiko. Na ci. Rabona da kabewa irin wannan har na manta."

"'Ya'yan fa?"

Mai Albasa ta cire tabarau ta goge. 'Yar kasuwa ce, ta san fuskar mai saye da ya matsu. Ta tura wani kwali da ƙafa daga ƙarƙashin tebur. Ga ɓargon kabewa a shanye a kai, da 'ya'ya manne a jiki.

"Kajina zan kai wa," in ji ta.

Gwaggo ta miƙa hannu, aka janye kwalin. Dole ta zauna a kan buhu ta ba da labari kaf, har da gishirin. Mai Albasa ta yi dariya har da hawaye, ta kira mai barkono ta maimaita mata, suka sake kwashewa.

"To zan ba ki," ta ce da ta huce. "Amma ki faɗa min abu ɗaya, a gaban mai barkono. Lemar nan, ta ƙetare ko ba ta ƙetare ba?"

Gwaggo ta dubi sama, ta dubi kwali. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne.

"Ta ɗan leƙa."

"Ban ji ba."

"Ta ƙetare! Ta ƙetare da kamu guda, na kuma sani tun ranar. Ki yafe min albasarki."

Dariyar Mai Albasa ta gushe. Ta naɗe ɓargon a takarda da kanta, ta sa a hannun Gwaggo, ta riƙe hannun ba ta saki da wuri ba.

"Ja'ira," ta ce. "Kin bar ni ina cin abinci ni kaɗai duk shekarun nan a kan lema. Wane irin mutane ne waɗannan da suka sa ki ba da haƙuri? Sai na zo na gan su da idona."

Shagon Baba Kafinta ɗaki ɗaya ne a bayan gidan mai, ƙasa duk garin katako, ƙofofin da ba a gama ba jingine da bango. Yana zaune bai kama aikin komai ba. Gwaggo ta yi sallama, ta buɗe takardar a kan teburin aikinsa, ta ja baya.

Baba ya sa tabarau. Ya riƙa ɗaukar 'ya'yan ɗaya ɗaya yana matsawa tsakanin yatsu. Yawancinsu shafal suke, ba komai a ciki, ya ture su gefe. Masu ɗan ciki ba su rufe tsakiyar tafin hannunsa ba.

"An yanke ta da sauran kwana," ya ce. "Ban sani ba ko sun ƙosa. Sai damina ta faɗa mana."

"Baba, ka yafe ni."

"Na yafe tun a rumfa. Ke ba ki sani ba. Ni da na sani na tara abu a gwangwani ɗaya fa?"

Jiran damina ya yi wa Gwaggo tsawo. Ta so ta daina zuwa lambu, Nas ta zo har gida ta tsaya a kanta sai da ta ɗauki mayafi. Da ta koma kuwa, ko ganye ba ta taɓawa sai ta ɗaga murya ta ce, "Jama'a, wannan na ci ne ko na iri?" Abin ya zama abin tsokana. Mai gadin banki in zai zauna sai ya nuna benci ya ce, "Gwaggo, na zama ne ko na iri?" Ta bi shi da sanda. A nan ta koyi abin da ya juya mata kai: a lambu mafi kyau ba a cinsa, shi ake bari ya tsufa a jikin uwarsa saboda baɗi. Ta ce da ta san haka tun da, da ta riƙa gaida manoma da hannu biyu. Mai Albasa ma ta cika alkawari, ta zo kallo, ta zage su tas a kan yadda suke shanya albasa, mako na gaba ta dawo da kwanonta.

Da ruwan farko ya sauka, Baba ya zo rumfa da 'yar takarda a aljihu. Ya ce wannan karon ba za a tara a wuri ɗaya ba. Ya ba Nas biyu, ya ba tela biyu, ya ware na lambu. Ya zo gaban Gwaggo, sai ta mayar da hannuwanta baya.

"A'a Baba, ni dai a raba ni da kabewar nan. Na yi mata abin da na yi."

"Shi ya sa," in ji shi. "Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Duk nan babu mai tsoronta kamarki. Buɗe hannu."

Ta buɗe.

A tsohon bahon wanki ta shuka su, Auta ya huda masa gindi ya hau da ƙasa da taki har baranda yana haki. Gwaggo ta kafa kujera a gefe. Ta hana matar Auta shanya a wajen kada ruwan sabulu ya ɗiga. Ta kori tattabaru, ta kori kyanwar maƙwabta, har mai karanta mita ta ce ya taka a hankali. Kullum sai ta kira Nas ta kira tela ta ji ko nasu sun fito: shiru. Na lambu ma shiru, da aka tona ɗaya aka tarar ya ruɓe. Baba ya daina tambaya, kuma rashin tambayar ya fi damunta. Ta rage cin abinci, har Auta ya ce wa matarsa ko su sayo irin kabewa a kanti su tura cikin bahon a ɓoye. Matar ta ce, "Ka rufa mana asiri, Gwaggo ce fa. Da ganin ganye za ta tambaye ka rasit."

Wata safiya Gwaggo ta fito da butarta, ta sunkuya iyakar yadda gwiwa ta yarda. Ƙasar ta tsage a gefe ɗaya. Wani ɗan abu kore ya turo kai a lanƙwashe, ɓawon irin na manne a bakinsa kamar hula.

Ihun da ta yi sai da matar direba ta fito da ludayi a hannu. Ta lalubo waya ta kira Baba.

"Baba! Baba, ta fito!"

"Kada ki taɓa," in ji shi. "Kada ki ɗaga bahon. Ina zuwa."

Ya zo da garin katako a gira. Matakalar ta ba shi wuya, yana hawa yana dafa baya, Gwaggo na sama tana cewa ya yi a hankali alhali ita ke gaggauta shi. Ya iso baranda, bai gaida kowa ba. Ya durƙusa a gaban bahon wanki, ya cire hula, ya daɗe yana duban ɗan tsiron.

"Sannu da zuwa," ya ce a hankali. "Kin sha hanya."

Sannan ya juyo, hawaye na bin fuskarsa, bai ɓoye ba.

"Ranar nan a rumfa," ya ce, "na ɗauka na binne matata sau biyu."

Gwaggo Ba-ragi ta jingine sandarta da bango. Ta zauna a ƙasa kusa da shi, gwiwoyi ko oho, suka yi ta kallon bahon tare.